Ma'adinin da Babanku Ya Jiyo a Salula

Na san kun sha jin ana ce wa babanku Mai Baƙin Ma'adini a garin Arlit, kuma na san babu wanda ya taɓa yi muku bayani, don duk wanda ya tambaye ni a cikinku cewa nake ya tashi ya ba ni wuri. Yanzu babanku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙafa ta yi nauyi, gara ku ji daga bakina kafin ku ji daga bakin masu ƙara wa magana gishiri. Wasu suna cewa ƙarya ya shirga don a girmama shi. Wasu suna cewa yayarku ce ta je ƙasar Turawa ta yi zaman banza, ta rufe shi da daɗin baki. Babu gaskiya a ko ɗaya. Babanku bai taɓa yin ƙarya da saninsa ba, yayarku kuma aikinta ta yi tsakani da Allah. Amma har yau in na tuna shekarar nan sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuskata, ko da kuwa ni kaɗai ce a ɗaki.

Shekarar da damina ta ƙi ce, kuma 'yan tawayen da muke ce wa mutanen dutse sun sake ɗaukar bindiga. Hanyar Agadas ta cika da nakiya, mota ba ta fita sai a jere da rakiyar soji, ita ma ba kullum ba. Kasuwa ta mutu murus. Ni da nake soya waina in sayar kafin hantsi, sai ga shi ina dawowa da ita gida ku ci da rana ku ci da yamma, har kuka tsane ta. Muna zaune a unguwar Bukoki tun lokacin da aka rage ma'aikata aka sallami babanku, muka bar gidan kamfani mai famfo da kuran, wato wutar lantarki, muka koma gidan langa-langa da zana. Ya yi shekarunsa a wurin injin niƙa dutse, ya fito da abu biyu: kunnen dama da ya mutu gaba ɗaya, na hagu ma sai an ɗaga murya, da kuma Faransancin ma'adinai da yake ji da shi kamar sabuwar riga. Bai taɓa yarda cewa ba ya ji ba. In ka yi magana bai kama ba, sai ya ce kai ne kake cin magana. Da aiki ya tafi, abin da ya rage masa shi ne rumfar da ke gefen masallaci, inda tsofaffin ma'aikata da direbobin da ba su da mota suke yin fada, kuma a rumfar nan in ya ce abu kaza ne, to an gama.

Yayarku kuwa 'yar fari ce, kun kuma san yadda muke da ɗan fari, mu mutanen Damagaram. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba. Ranar da ta zo ta ɗaya a lekol, makarantar boko, aka zo ana yi mini barka, cewa na yi ta dai yi sa'a, na shige ɗaki na yi murnata ni kaɗai. Babanku ma ba ya kiran sunan, amma shi da dalilinsa, sunan mahaifiyarsa ta ci, sai yake ce mata Uwata, yana yi yana washe baki. Da ta wuce Yamai, daga can aka ɗauke ta zuwa ƙasar waje don ƙarin karatu, takan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shi yake ɗauka. Ni kuwa sai in jawo tankaɗe in zauna kusa, ina tankaɗe garin da na riga na tankaɗe. In ya miƙo mini ya ce ga innarki, sai in kau da kai in ce ya ce ina gaishe ta. Saboda haka duk abin da na sani game da karatunta ta kunnen babanku ya biyo, kuma da Faransanci suke yi, don ta san yana jin daɗin hakan.

Wata Juma'a, farkon sanyi, na ga ya miƙe tsaye da salula a kunne yana ihu kamar mai kiran wani a hayin kwari.

"Enarji me? Nuwar? Baƙi ke nan! To, to. Yana zama me? Matiyar? Allahu akbar! Da reyonman kuma? Uwata, sake faɗi. Limit ɗinsa kuke nema?"

Ku da kuka tashi bayan an sallame shi ba za ku gane abin da kalmomin nan suke nufi a kunnensa ba. A wurin aikinsu, in an ce matiyar, garin iraniyom ɗin nan rawaya ake nufi, wanda ake durawa a ganga a kai jirgin ruwa, wanda dominsa aka kafa garin Arlit ɗungurungum. Reyonman shi ne tururin dutsen mai cutarwa da 'yar alamar da suke maƙalawa a ƙirji take aunawa. Limit kuwa iyakar filin da aka ba kamfani ya haƙa. Mutumin da ya yi rabin ransa a cikin waɗannan kalmomi, ka ce masa akwai wani baƙin abu mai ƙarfi da yake zama matiyar da reyonman, kuma ɗiyarsa tana cikin masu neman iyakarsa, me kake so ya ji? Ya ajiye salula ya juyo wajena.

"Kin ji aikin ɗiyarki?"

"Ɗiyarka dai," na ce.

"Sabon ma'adini suka gano. Baƙi. Ya fi iraniyom ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta ce ko'ina akwai shi, har nan inda muke zaune. Yanzu iyaka kawai suke shatawa."

Kafin la'asar rumfa ta ji, kafin magariba Bukoki ta ji. Kada ku ga laifin mutane. Kafin yaƙi an sha ganin fararen motoci suna yawo a daji da na'urori, kullum ana raɗe-raɗin za a buɗe sabon rami, kuma gari ne da yunwa ta sa kowa ya kasa kunne. Mata suka fara zuwa gaishe ni, har waɗanda ba mu taɓa haɗa hanya ba. Wannan ta kawo ɗan dabino, waccan ta kawo tsinken nama, kowace kafin ta tashi sai ta ambaci sunan ɗanta da ke zaune babu aiki. Ni kuma in yi ƙasa da kai in ce sai abin da Allah ya yi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Matar da ta saba dawowa da waina a faranti, yau ana shimfiɗa mata tabarma a gidan suna, ai dole kanta ya ɗan yi girma.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za a yi mana a wuce. Amma akwai Ahmudu.

Ahmudu Ba'abzine ne na wajen Gugaram, makiyayi, kuma amininmu tun muna sababbin zuwa. Shi yake riƙe mana 'yan awakinmu a daji, in ya shigo gari a gidanmu yake sauka, shi da babanku su raba dare ɗaya suna gardama a kan abin da duk ba su sani ba. A shekarar nan fari ya cinye masa fiye da rabin dukiya, rijiyoyin da ya saba kuma sun shiga tsakanin soji da mutanen dutse, ba mai kusantarsu. Sai ya taso da abin da ya rage, raƙuma kaɗan da garken awaki, ya kafa tanti a bakin gari, bayan inda ake zubar da matattun manyan motoci. Danginsa sun yanke shawarar su gangara kudu wajen Damargu tun da sauran sanyi, tun dabbobi suna da ƙafar tafiya. Ya zo yi mana sallama, da Hausarsa ta Abzinawa. Ina daga madafa ina jin su, don da babanku ba a yin magana a asirce.

"Gobe mu tashi, Malam. Ciyawa ya ƙare, ruwa ya yi nisa."

"Ka tashi ka je ina? Mutum yana zaune a kan arziki ya ce zai tashi?"

"Na ji labarin ɗiyarka. Gaskiya ne ya samo?"

"Ni zan faɗa maka abin da ban ji da kunnena ba? In an buɗe rami, wa ya san dajin nan kamarka? Gadi, jagora, ɗaukar ruwa a raƙumi, duk ku za a nema, kai da 'ya'yanka. Amma wanda yake nan shi za a fara ɗauka. Ka tafi Damargu, ka dawo ka tarar an cike."

Ahmudu ya daɗe yana gyara rawaninsa. Can ya ce:

"In kai ka ce in zauna, na zauna."

Danginsa suka tafi, shi ya zauna. Tun daga ranar maganar babanku ta tashi daga hirar rumfa, ta koma abin da rayukan dabbobin wani suka rataya a kai.

Sanyi ya yi ya wuce. Kowace Juma'a yayarku ta kira, babanku ya tambaye ta ina aka kwana a kan limit, ta ce ana nan ana matsawa, ya fita ya shaida wa rumfa cewa an kusa. Nakan je wajen matar Ahmudu in kai mata dusa in na samu. Zuwan farko awaki suna rububin dusar. Daga baya na tarar suna cin kwali da tsumma a juji, gashinsu ya tashi, ƙashin bayansu a waje. Matar ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai ta tambayi lafiyar ɗiyata, ta ƙara tambaya, ta kuma ƙarawa. Ranar da na tarar da babbar raƙumarsu, wadda suke sha daga nononta, ta durƙusa ta kasa tashi, 'ya'yan Ahmudu suna ta fama da ita, na ajiye dusar na juyo gida. A hanyar dawowa na fara lissafin abin da ya kamata in lissafa tun da daɗewa. In rami za a buɗe a nan, me ya sa ba mu ga mota ko ɗaya ba? Me ya sa yarinyar nan ba ta taɓa cewa tana zuwa ba? Kuma tun tana ƙarama, ban taɓa ganin ta ɗauki dutse ta duba ba, kullum kanta a sama yake.

Na gwada babanku da lallashi.

"Malam, ka tabbata ka ji yarinyar nan da kyau?"

"Ke kika yi aiki a ma'adinai ko ni?"

"Na ga dabbobin Ahmudu ne."

"Ki bar maganar maza. Ke da ko gaisawa ba kya yi da ita, yau ke za ki gaya mini abin da ta ce?"

Ya faɗi gaskiya. Na yi kwanaki ina juya abin. Mahaifiyata ba ta taɓa neman yayana, ɗan farinta, da magana ba har ta mutu, kakata ma haka, kuma ni ban ga ta inda zan fara ba. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga raƙumar nan a durƙushe. Da yake ba mu da kuran, a gidan wata maƙwabciya 'yar garin Tawa muke kai salula ta sha wuta. Wata rana da hantsi, babanku yana rumfa, na je na karɓo, na roƙe ta ta nuna mini inda ake dannawa. Ta dube ni ta yi dariya ta ce yau kuma wace rana. Na yi wa yayarku bip, wato na kira na katse, na zauna a bayan ɗaki kamar wadda za ta yi sata. Nan da nan ta kira.

"Baba?"

"Ni ce."

Sai na ji muryarta ta canja.

"Inna? Inna, wa ya rasu?"

Kun ji abin da ya fara kashe ni da kunya. Ɗiyar da na haifa ta ji muryata a waya, abin da ya zo mata shi ne mutuwa, don ba ta san wani dalilin da zai sa in neme ta ba. Na ce kowa lafiya. Na ce tambaya gare ni, kuma da Hausa nake so ta ba ni amsa: wannan baƙin ma'adinin, a wane wuri za a haƙa shi, kuma yaushe?

"Wane ma'adini, Inna?"

Na faɗa mata abin da babanta ya ce. Da farko dariya ta kama ta, irin wadda mutum ba ya iya riƙewa. Da ta ji ban taya ta ba sai ta tsaya. Ta ce ba ta taɓa faɗin wannan abu da Hausa ba, in yi haƙuri ta laluba. Zan faɗa muku yadda na riƙe, in na kuskure ta gyara.

Ta ce taurarin da muke gani, da wasu tarin taurari da ido ba ya kaiwa, duk nesanta suke da juna, sararin da ke tsakaninsu yana buɗewa, kuma buɗewar sauri take ƙarawa. Akwai wani abu da yake tura su, ya cika ko'ina, ba a ganinsa, ba a taɓa shi, ba wanda ya san ko mene ne. Shi ya sa aka ce masa baƙi, don an jahilce shi, ba don launinsa ba. Tambayar da ita da malamanta suke bi ita ce, shin abin nan yana nan yadda yake tun fil azal, ko kuwa yana narkewa a hankali yana komawa wani abu. Matiyar a wurinsu ba garin rawaya ba ne, duk abin da ke da jiki ne, dutse da ruwa da ni da ita. Reyonman kuwa haske ne kawai. Ta ce akwai wani tsohon haske da ya rage tun farkon halitta, ana iya auna ɗuminsa a wurare masu nisan gaske. Da abin nan yana narkewa ya zama haske da yawa, da ɗumin ya saɓa wa lissafi. Da yana zama abu mai jiki da yawa, da yadda taurari suka taru ya bambanta da abin da ake gani. Sun duba, sun sake dubawa, ba su ga saɓani ba.

"Wato duk shekarun nan ba ki samo komai ba," na ce. Na faɗa da zafi, kuma na so ta ji zafin.

"Na samo, Inna. Kin tuna randarmu ta gidan kamfani da kike zargin tana yoyo? Kika riƙa duba ƙasan gindinta kullum kina samunsa a bushe. Ba za ki rantse ba ta yoyo ko kaɗan ba, amma kin san in ma tana yi, bai kai abin da zai jiƙa ƙasa ba. To shi ne limit. Mun ce in ma yana narkewa, bai wuce kaza ba. Aikina ke nan, in ƙara matse kazan."

Na gane, kuma ganewar ba ta yi mini daɗi ba. Sai na ba ta labarin matan da ke kawo dabino, da rumfa, da Ahmudu da raƙumarsa. Sai na ji tana kuka.

"Kullum yana tambayata limit, na ɗauka aikina yake bi. Na ɗauka ya gane, Inna, har ina ba abokaina labari. Ke kina zaune a wurin, me ya sa ba ki taɓa karɓa kin tambaye ni ba?"

Na ce ta bar kuka, zan san yadda zan yi da babanta.

Na jira ya dawo daga azahar ya ci abinci. Na zauna ta gefen hagunsa na fara a hankali, yadda mace take gaya wa mijinta abin da ba ta so bango ya ji. Ya ce me? Na ƙara murya. Ya ce in daina cin magana. To ku tuna gidanmu na Bukoki, zana ce tsakaninmu da maƙwabta ta kowane gefe, in an yi tari a wani gida sai a ce sannu a wani. Babu yadda zan yi. Maganar da ta fi kowace buƙatar sirri a zamanmu da shi, da ihu na faɗe ta.

"Babu ma'adini! A sama abin yake, wajen taurari! Ba a haƙa shi! Matiyar ɗinsu ba taku ba ce!"

Dakan da ake yi a gidan dama ya tsaya cak. Rediyon gidan hagu aka kashe. Na ji yadda unguwa ta yi shiru tana saurare, na so ƙasa ta tsage in shige. Babanku ya dube ni.

"A sama?"

"A sama."

"Ke kika kira ta?"

"Ni na kira ta."

Ina jin wannan ce ta sa ya yarda, don ya san abin da zai sa in yi haka ba ƙarami ba ne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya sa na maimaita masa bayanin tun daga farko, har da randar, ni kuma ina yi da ƙarfi unguwa tana karatu tare da shi. Da na gama ya mayar da hular.

"Ɗauko mayafinki. Ahmudu ba zai ji a bakin wani ba."

Muka ratsa Bukoki da rana tsaka, shi a gaba ni a baya. Ba wanda ya yi mana dariya a ranar, sai daga baya. Gaisuwa kawai ake yi mana, irin wadda ake yi wa masu zaman makoki, kuma ta fi dariya ciwo. Mun tarar da Ahmudu a inuwar tanti yana hura gawayi. Ya tashi da murna.

"Malam da kansa, da rana haka? Ɗiyarka ya zo?"

Babanku ya ƙi zama a tabarma, ya tsuguna a ƙasa. Bai yi kwana-kwana ba, bai kuma ɗora wa kowa ba, ko yayarku ko salula. Ya ce kunnensa ne ya ji abin da ransa yake so. Ya ce abin da yarinyar take nema a sama yake, kuma ba aiki a cikinsa ga kowa, ba gadi, ba jagora.

"To akwai shi, ko babu shi?" in ji Ahmudu.

"Akwai. Amma ba ya zama komai. In ma yana zama, ta ce ɗan kaɗan ne, bai kai a gani ba."

Ahmudu ya juya ya dubi inda dabbobinsa suke kwance a rana. Na jira ya zage mu, wallahi na so ya zage mu. Sai ya ɗora buta a wuta, ya dafa shayi, ya miƙa wa babanku kofin farko. Babanku ya ce ko yanzu ya tashi ya bi danginsa, shi zai nemo masa mota ta ɗauki ƙananan.

"Mota ba ya fita, ka sani. Ƙafa kuma babu. Rijiya na farko ma ba za su kai ba." Ya kurɓi shayinsa. "Da sanyi ne, da sun kai."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba har abada. Da muka tashi tafiya ya ce wa babanku, tunda ga shi ya zo, ko zai kama musu su tayar da raƙumar, don in ta wuni a kwance ba za ta ƙara tashi ba. Aka zura igiya da wani kakkauran ice ta ƙarƙashin cikinta, Ahmudu da 'ya'yansa a gefe ɗaya, babanku da babbar rigarsa a ɗaya gefen. Suka yi ta nishi har ta miƙe tana rawa.

Sunan nan da kuka sani a makon aka raɗa masa. Matan dabino suka ɗauke ƙafa, wasu ma in mun haɗu a famfo sai su tambaye ni ko an fara ɗaukar ma'aikata a sama. Babanku bai sake zama a rumfa ba, ya yi salla ya fito ya wuce. Yayarku ta kira ranar Juma'a tana ba shi haƙuri, ya ce da Hausa, abin da bai saba yi da ita ba, ta ci gaba da aikinta, ba ita ta yi ba. Amma tun washegarin zuwanmu tantin ya samo nasa icen, kullum in ya idar da asuba sai ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi bayan matattun motoci. Ba wanda ya sa shi, Ahmudu ma ya ce ya bari, shekarunsa sun wuce haka. Ya ƙi. Dabbar da yunwa ta kayar sai an ɗaga ta kowace safiya, kuma kowace safiya waɗanda ake ɗagawa ƙaruwa suke, daga baya suka fara raguwa, don mutuwa suke. Yakan dawo wajen azahar, riga ta yi kaca-kaca, kafaɗa ta sale, in gasa masa da ruwan zafi. Haka ya yi duk tsawon bazarar nan, hadari bai ko nuna alama ba.

Wata safiya ina cikin soya waina, rana ko zafi ba ta yi ba, sai ga shi ya shigo. Rigarsa fes. Ya jingine icen a bayan ƙofa, ya shige ɗaki. Ban tambaye shi ba, don na san babu sauran abin ɗagawa a tantin Ahmudu.